Katantanwa a Kwalin Ashana

Namakka ya dawo Bunza ran Laraba,
bayan shekara huɗu a jirgin masunta,
can inda ruwa ya rasa gaɓa.
Bai zo da atamfa ba, bai zo da rediyo ba.
Kwalin ashana ya ajiye a tabarma,
ya ce, "Yaya Ige, buɗe a hankali,
abin ciki ba ya son matsawa."

Na goge man kifi a gefen zane.
Cikin auduga, ga 'yar katantanwa,
ba ta kai kan babban yatsana ba.
Gindinta shunayya, kamar ta kwana a marina,
samanta ya koɗe kamar an wanke.
Na ɗaga ta ga rana, rana ta ratsa.
Ɓawon albasa ma ya fi ta jurewa.

Baba na zaune, idonsa ya daɗe da tafiya.
Ya miƙo tafi, ya shafa, ya shinshina.
"Wanga dodon koɗi, wace fadama tai?"

"Ba shi da fadama, Baba.
Bai taɓa taka laka ba, bai san ciyawa ba.
Iska yake kamawa kaɗan-kaɗan,
ya naɗe ta da yauƙin jikinsa,
kumfa ɗaya, ya ƙara wata, ya ƙara wata,
har su zama masa gado a kan teku.
Sai ya rataye a ƙarƙashi, ciki sama,
iska ta kai shi inda take kaiwa.
Ba shi da ido. Bai iya iyo ba.
Ran da kumfar ta kuɓuce masa,
ƙasa zai yi, babu tasowa."

Baba ya yi shiru, sannan dariya,
har tari ya sarƙe shi.
"Bai iya iyo ba, mi ak kai shi teku?
Ni gorana sai da na shuka duma,
na jira kaka, na rarake, na shanya,
kana na kwanta bisa, homa biyu a hannu,
gaɓa na nan, hayaƙin uwarku na nan.
Shi ko da miyau nai ya gina jirgi!
Wanga makaho ya fi ni ƙarfin zuciya."
Ya daɗe bai mayar da ita ba,
yana ta juyawa.

Da dare ina juya tarwaɗa a kan banda,
Namakka na tura mini itace.
Na ga tafinsa, igiya ta ci shi.
Na ga takalminsa, an ɗinke da zaren koma.
"A ina ka tsince ta?"
"A yashi, Yaya. In iska ta juya,
dubu-dubu take watso su bakin ruwa,
ka taka, yatsunka su yi shuni.
Ƙasa ce ke kashe su."
Na ce, "Kai fa, me ke riƙe da kai a can?"
Ya hura wuta, ya sake hurawa,
wutar da ba ta buƙatar hurawa.

Kwana tara ya yi.
Ya ci tuwon shinkafa kamar mai biyan bashi,
amma barci ya ƙi shi;
ya ce gadonmu ba ya motsi.
Ran Juma'a na raka shi tasha,
na cusa masa banda a jaka,
da kuɗin adashena a ƙasan bandar,
ban faɗa ba, bai yi tambaya ba.

Katantanwar na cikin kwalla yanzu,
tare da awarwaron Inna.
Shekaranjiya Tumba ta fasa mata baki,
na ɗaga hannu, na sauke.
In na je gulbi da asuba ɗaurayar kwando,
kumfa kan taru a jikin kwalekwale.
Da can da ƙafa nake watsa ta.
Yanzu nakan ɗebi ruwa daga gefe,
in bar ta tana wucewa.